Matsalolin Sanya Kanula a Jijiyar Yara: Amfani da Sikanin ko Lalube da Hannu

Titin Grand Concourse da ke Bronx a birnin New York ya ratsa unguwannin da 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa, kuma a kansa ne asibitin BronxCare yake, wanda a da ake kira Bronx-Lebanon. A cikin al'umma irin wannan akwai yara masu sikila da ake yi wa ƙarin ruwa ko jini a kai a kai. Yawan huda yakan sa jijiyoyin bayan hannunsu su taurare, sannan duhun fata yana rage ganin jijiya da ido. Don haka yadda za a sanya kanula, wato siririyar robar da ake zura wa jijiya, ba ƙaramar magana ba ce.

A hanyar da aka saba, ana ɗaure hannu, a duba, a laluba da yatsa, sannan a soka. Babbar matsalarta ita ce kuskure: a huda sau biyu ko uku, jijiya ta fashe, jini ya taru a ƙarƙashin fata, magani ya yi jinkiri, yaro kuma ya tsorata. Binciken da Vinograd da abokan aikinta suka wallafa a 2019, a kan yara 167 masu wuyar samun jijiya a Asibitin Yara na Filadelfiya, ya nuna cewa da na'urar sikanin an dace a hudar farko a kusan kashi 85 cikin ɗari, da lalube kuwa kusan kashi 46. Kanular da aka sanya da sikanin ta kuma fi daɗewa tana aiki.

Sai dai dacewa da jijiya ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Sikanin yana kai ma'aikaci ga jijiyoyi masu zurfi, musamman a damtse. Idan kanula gajeruwa ce, mafi yawan tsawonta yana ƙarewa a cikin nama, ɗan bakinta kawai ke cikin jijiya. Da yaro ya motsa hannu sai ta zame, ruwan ya riƙa tsiyaya cikin nama. A bayan hannu kumburi yakan bayyana nan da nan. A damtse kuwa yana iya ɓuya na sa'o'i, jariri kuma ba shi da bakin faɗa. Idan abin da ke tafiya mai ƙona nama ne, kamar sinadarin kalsiyam ko ruwan sukari mai kauri, fata na iya mutuwa. Ga kuma maƙwabtaka: wasu jijiyoyin damtse suna tafiya daf da jijiya mai bugawa da jijiyar saƙo, wadda taɓa ta kan jawo zafi ko mutuwar yatsu.

Kumburin jijiya da toshewa da shigar ƙwayoyin cuta suna aukuwa a hanyoyin biyu, sai dai sikanin yana buƙatar mai tsaftatacce da murfin kan na'ura.

Saboda haka ne masu horarwa suke fifita jijiyoyin tsakiyar hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwa, da zaɓen doguwar kanula idan jijiyar ta yi zurfi, da duba wurin akai-akai ana kwatanta shi da ɗaya hannun. Yaron da jijiyarsa ke bayyane sarai ba ya buƙatar na'ura.