Hanyoyin Mota da Rabon Arziki Tsakanin Yankuna: Darasi Daga Italiya

Tambayar da za mu duba a yau ita ce: idan gwamnati ta shimfiɗa babban titi tsakanin yanki mai arziki da yanki matalauci, wanne ne daga cikinsu zai fi cin moriyarsa? Za mu nemi amsa daga abin da ya faru a ƙasar Italiya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Italiya ta kasance tamkar ƙasa biyu. Arewa na da manyan masana'antu a biranen Milan da Turin, Kudu kuwa yawancin mutanenta ƙananan manoma ne. A 1950 gwamnati ta kafa asusun raya Kudu, mai suna Cassa per il Mezzogiorno, wanda ya kashe kuɗi masu ɗimbin yawa wajen gina hanyoyi da madatsun ruwa. Daga 1956 zuwa 1964 aka gina babban titin da ya haɗa Milan da Napoli, babban birnin Kudu, mai tsawon fiye da kilomita 750. A 1962 kuma aka soma wani daga Salarno zuwa Kalabiriya, can ƙarshen Kudu.

Haƙiƙa an ga amfani. Kuɗin dako ya ragu, tafiya ta yi sauri, amfanin gonar Kudu ya riƙa isa kasuwa kafin ya lalace. Tsakanin 1951 da 1971 ratar arziki da ke tsakanin sassan biyu ta ragu ƙwarai.

To, amma hanya ba ta da gaba ɗaya. Motar da ta ɗauki lemo da man zaitun zuwa Arewa, ita ce ke komowa da tufafi da takalma na kamfani. Kafin zuwan titi, nisa da tsadar dako su ne ke kāre ƙaramin mai sana'a na Kudu daga gasa. Da shingen ya faɗi, sai babbar masana'anta, wadda ke yin kaya da yawa a kan araha, ta ƙwace masa kasuwa. Bugu da ƙari, miliyoyin mutane sun bar Kudu a waɗannan shekaru, wasu zuwa Turin da Milan, wasu zuwa Jamus da Suwizalan, galibinsu kuwa samari ne majiya ƙarfi.

Bayan tashin farashin man fetur na 1973, ragin ratar ya tsaya cik. An rufe asusun a 1984, kuma har wa yau abin da mutumin Kudu ke samu a shekara bai wuce rabin na mutumin Arewa da Tsakiya da yawa ba.

A taƙaice, babban titi yana ƙara arzikin ƙasa baki ɗaya, amma kaso mafi tsoka yakan gangara wurin da jari da gwaninta suka riga suka taru. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Saboda haka, ya kamata duk ma'aikacin da aka kawo wa tsarin sabuwar hanya ya tambaya tukuna: ina ƙananan hanyoyin da za su haɗa ƙauyuka da ita? Ina wutar lantarki da makarantun koyon sana'a da bashin banki? Kuma wane kaya yankin zai ɗora wa motar idan ta zo? In babu amsa, lalle ne a sake duba tsarin kafin a zuba kwalta.