Sayen Gida Ko Fili: Yadda Za Ku Zaɓi Lauya

Bayan girbi, idan an sayar da masara da citta da waken soya, mutane da yawa sukan fara neman fili ko gida. Waɗansu kuɗin sallama ne daga aikin gwamnati suke so su sa a ƙasa. Waɗansu kuma tashin hankali ne ya tilasta musu sayar da gida su koma wani wuri, kamar yadda ya faru a Kaduna a shekarar 2000 da Jos a 2001. Ko yaya dai, yawancinmu sau ɗaya muke yin irin wannan ciniki a rayuwa, kuma gumin shekaru ne ke cikinsa.

Yadda muka saba shi ne a kira dillali, a kira mai unguwa da shaidu, a rubuta yarjejeniya a fallen takarda, kowa ya dangwala hannu. Shaidu suna da amfani ƙwarai, kada a raina su. Amma mai unguwa ba shi da hanyar sanin ko an jinginar da gidan a banki, ko gwamnati ta riga ta ware filin domin hanya. Wannan binciken aikin lauya ne.

Ga dalili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Abin da kuke saya, a idon doka, izinin zama da amfani da wurin ne. Idan gidan yana cikin birni ko yana da takardar shaidar mallaka ta gwamna, wadda ake kira C of O, ba a sayar da shi ko a jinginar sai da yardar gwamna. Filin ƙauye da ake riƙe bisa al'ada kuwa, yardar ƙaramar hukuma ake nema. Wannan ba wasa ba ne. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina domin ba a nemi yardar gwamna ba. In banki da dukan lauyoyinsa ya yi asara a kan haka, ina ga manomi?

To, wane lauya za ku ɗauka?

Da farko ku tabbata lauya ne na gaskiya. Ba kowane mai baƙin kwat da jaka a bakin kotu ne lauya ba. Lauya a Nijeriya sai ya gama jami'a, ya wuce makarantar horar da lauyoyi, sa'an nan a rubuta sunansa a littafin Kotun Ƙoli a Abuja, a ba shi lamba. Tun 2015 ana bukatar kowace takardar da lauya ya shirya ta ɗauki hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, mai sunansa da lambarsa, wanda ake sabuntawa kowace shekara. Ku duba wannan hatimi. Ƙungiyar tana da rassa a garuruwa kamar Jos, Kafanchan, Yola da Gombe, kuna iya zuwa ku tambaya ko sun san mutumin. Doka ta hana wanda ba lauya ba ya karɓi kuɗi domin rubuta takardar cinikin ƙasa, saboda haka dillali ko mai buga takardu a kwamfuta da ya ce zai shirya muku ita da araha, ku gode masa ku wuce.

Sai ku nemi wanda ya saba da aikin filaye a jiharku. Lauya yana iya zama gwani wajen belin mutane, amma bai taɓa bin fayil a ofishin filaye ba. Ku tambaye shi ciniki nawa irin wannan ya kammala, kuma a wace ƙaramar hukuma. Ku tambayi waɗanda ya yi wa aiki ko takardunsu sun fito.

Ga inda mutanenmu suka fi faɗawa. Mai sayarwa yakan ce, "Ina da lauya, zai rubuta mana duka, ba sai ka kashe kuɗi ba." Wannan lauyan na mai sayarwa ne. Idan akwai matsala a kan gidan, ba ku zai fara karewa ba. Haka nan lauyan da dillali ya kawo, domin dillali la'adarsa yake jira, ba ya samu sai ciniki ya faɗa. Ku ɗauki naku. Kuma kasancewar lauya ɗan ikilisiyarku ne ko ɗan ƙanen matarku bai isa ba. Wani lokaci ma ya fi wuya, gama kunya takan hana mutum tambayar ɗan'uwansa inda aka kwana.

Lauyan kirki ba ya fara rubutu sai ya yi bincike. Zai karɓi kwafin takardun gidan ya je ofishin filaye na jiha, kamar KADGIS a Kaduna ko PLAGIS a Filato, ya duba sunan wa ke fayil, ko akwai jingina, ko ana bin bashin kuɗin ƙasa, ko gwamnati ta karɓe wurin. Zai bincika ko akwai ƙara a kotu. Zai sa safiyo ya auna, a ga ko iyakar da ke takarda ita ce ke ƙasa. Ya kamata kuma ya taka da ƙafarsa ya ga wurin, ya yi magana da maƙwabta da dagaci, gama gani ya kori ji. A ƙauye, inda yawancin filaye ba su da fayil a ko'ina, wannan tafiyar ce ainihin binciken. Ku ce ya ba ku sakamakon a rubuce. Lauyan da ya ce ku biya yau, a yi bincike daga baya, yana sa ku cinikin biri a sama ne.

Filin iyali da gidan gado su ne suka fi kai mutane kotu. Kotuna sun daɗe da yanke cewa idan wani ɗan gida ya sayar da filin iyali ba da yardar shugaban iyalin ba, cinikin banza ne. Idan kuma shugaban ne ya sayar bai shawarci manyan 'yan gidan ba, suna iya zuwa kotu a rushe. A ce kun sayi gida daga babban ɗa, kun yi rufi, kun haƙa rijiya, bayan shekara biyar ƙanensa ya dawo daga Legas ya ce bai sani ba. Kuɗin an riga an cinye. Saboda haka lauya zai nemi sanin dukan magada, ya sa waɗanda ya kamata su sa hannu. Idan sunan marigayi ne ke kan takardar gwamna, zai nemi ganin izinin kula da gado daga Babbar Kotu. Ku ma ku tambaya ko gwauruwar marigayin da 'ya'yanta sun san da cinikin. Sau da yawa ita ce ta ƙarshe da ke ji, bayan an sayar da ɗakin da take kwana.

Maganar kuɗi a yi ta tun ranar farko. Dokar ladan lauyoyi ta 2023 ta sa kashi 10 cikin 100 a matsayin mafi ƙanƙantar lada ga lauyan mai saye, idan dukiyar ba ta kai naira miliyan 50 ba. Ban da wannan akwai kuɗin gwamnati: na bincike, na kan sarki, na rajista da na yardar gwamna, kuma sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Ku ce a rubuta muku nasa dabam, na gwamnati dabam, ku karɓi rasit a kan kowane. Na san kuɗin yana da nauyi, shi ya sa ya kamata a lissafa da shi tun kafin a fara taya gida.

Ku biya kuɗin gida ta banki, cikin asusun mai sunan da ke takarda. Kada ku ba da kafin alƙalami mai yawa kafin bincike ya ƙare. Idan kuɗin zai bi ta hannun lauya, doka ta ce ya ajiye shi a asusun masu hulɗa da shi, ba a asusunsa na kansa ba.

Wanda bai iya karatu ba, ko bai ji Turanci ba, yana da kariya. Dole a karanta masa takardar a fassara ta da harshen da yake ji, a rubuta a jikinta cewa an yi haka, tare da suna da adireshin wanda ya rubuta ta. Ku tafi da ɗanku ko wani amintacce mai ilimi. Kada ku dangwala hannu a takardar da aka bar gurabe ba a cike ba.

In ku ne masu sayarwa, kada ku saki ainihin takardunku sai kuɗi ya shiga, kwafi ya isa a yi bincike. Ku yi hankali da takardar wakilci da dillali zai ce ku sa wa hannu, domin tana iya ba shi ikon sayarwa ba da saninku ba.

Bayan an biya, da sauran aiki. Sai an buga kan sarki, an sami yardar hukuma, an yi rajista da sunanku. Nan ne fayiloli sukan kwanta shekara da shekaru, saboda haka ku karɓi lambar fayil ku riƙa leƙawa. Idan lauya ya ci kuɗinku ko ya riƙe takardunku, ku kai kuka reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa. Akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi mai ikon dakatar da shi ko soke sunansa. Ku tafi da rasit ɗinku da kwafin duk abin da kuka sa wa hannu.