Noma a duniyar Mars: zai yiwu, amma ba a fili ba

A watan Agustan 2015, ƴan sama jannatin hukumar NASA ta Amurka sun ci salatin da aka shuka a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. A 2021 kuma suka tsinki barkono. Wannan ya ƙarfafa masu fatan ganin gona a duniyar Mars, inda tafiya kaɗai ke cin kusan wata 7, ga shi guzuri ba ya isa dogon zama.

Sai dai Mars ba wurin shuka ba ce. Matsakaicin sanyinta ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifili. Iskarta siririya ce, nauyinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, don haka ruwa ba ya kwanciya a fili. A 2008 kumbon Phoenix ya gano wani gishiri mai cutarwa a ƙasarta, wanda sai an wanke shi kafin a yi maganar shuka.

Gwajin da aka yi da duniyar wata ma bai ba da daɗi ba. Irin audugar da kumbon Chang'e-4 na Sin ya kai can a 2019 ya tsira, amma sanyin dare ya kashe shi. A 2022 masana a jami'ar Florida sun shuka iri a ƙasar watan da kumbunan Apollo suka kawo. Ya fito, amma a tsumbure.

Ke nan noman can sai a rufaffen ɗaki, da fitilu, da ruwan da ake tacewa a sake amfani da shi. Abincin zai yi tsada ƙwarai, kuma ba zai ciyar da kowa a nan duniya ba.

Ribar tana cikin ilimin da ake samu. Shirin MELiSSA na hukumar sararin samaniyar Turai yana gwada sifirulina, koren tsiron ruwa mai gina jiki da ke samar da iskar shaƙa. Shi ne matan Kanembu suka daɗe suna kwasa a tafkunan yankin Tafkin Chadi, suna shanyawa don miya. Tambayar masanan ita ce ta manomin rani a Tawa ko Damagaram: yaya za a samu abinci mai yawa da ruwa kaɗan?