Shingen Gida: A Fara da Iyaka, A Ƙarasa da Itace Mai Rai

Duk wanda ya bi hanya daga Zariya zuwa Makarfi da Ikara, ko ya ratsa Hunkuyi ta ƙasar Kudan, zai ga yadda garuruwa suke ta cin gonakin da ke gefensu. Haka abin yake har a Kurmin Kogi. Inda aka yanke dawa bara, bana sai ka tarar an yanka fuloti, mutum ya ta da ɗaki biyu ya tare da iyalinsa. To, gidan bakin gari kuwa ba ya zaunuwa sai da shinge, gama da an gama kaka aka saki dabbobi, ɗan tumatir da barkonon da ka dasa a bayan ɗaki ba za su kwana biyu ba. Ga kuma sutura ta iyali, wadda ta fi lambun muhimmanci.

Amma kafin ka haƙa rami ko ɗaya, fara da iyaka. Kira maƙwabcinka, ku kira mai unguwa da dattawa biyu ko uku, a ja igiya a gabansu, a kafa alama a kowace kusurwa. In akwai takardar fili a fito da ita. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna bisa amana, filayen karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙonsu, kuma a Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke kula da takardun fili. Kada ka ci hanya, kada ka toshe burtali ko magudanar ruwa. Taƙi ɗaya da ka shiga cikin filin wani ya isa ya kai ku gaban alƙali, 'ya'yanku kuma su gaji gabar.

In iyaka ta tabbata, sai ka dubi aljihunka. Mafi arha shi ne darni. A tara karan dawa mai kauri tun watan Nuwamba ko Disamba, a kafa tsarnu, a jera kara, a ɗaure da tanka biyu ko uku da igiyar rama. Sai dai darni yana da maƙiya uku: gara, da guguwar farkon damina, da gobara. Da wuya ya wuce shekara biyu bai nemi sabuntawa ba, kuma tilas a nisanta murhu da shi, balle lokacin hunturu.

Katangar ƙasa ta fi shi ƙarko, amma ƙasarmu ta nan tana samun ruwa wajen inci 40 a shekara, saboda haka in ba a yi mata yaɓe kowane rani ba, damina za ta zaizaye gindinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai son katangar bulo kuwa, ya yi lissafi tukuna. Fuloti mai ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, kewayensa ƙafa 300 ne. Tsawon bulo ɗaya inci 18, watau kowane jeri zai ci bulo kusan 200. Jeri takwas, wanda zai ɗan haura kan mutum, bulo 1,600 ke nan, ban da na tushe, ban da siminti da yashi da kuɗin magini. Da yawa sun fara ba lissafi, aikin ya tsaya a jeri uku, akuya tana tsallakewa abinta. In za ka yi, a haƙa tushe har a iske ƙasa mai tauri, a zuba ginshiƙi kamar kowace ƙafa 10, a bar 'yan kafofi a ƙasa inda ruwa zai fita. Katangar da ta tare ruwa, ruwan ne zai kayar da ita a watan Agusta.

To, ga shawararmu ga talaka, dabara ce ta kakanni da ake neman mantawa. Yi darninka kamar kullum, amma maimakon busassun tsarnu, kafa ɗanyen itace mai tsiro. Aduruku da ararrabi da dashi duk suna kamawa daga reshe. A saro reshe mai kaurin damtse, tsawon ƙafa 6, a kafa shi a ƙarshen rani, wajen Afrilu zuwa farkon Mayu, a rami mai zurfin ƙafa ɗaya da rabi, a daddale ƙasar sosai don kada ya riƙa motsi. Ruwa na sauka zai yi saiwa ya yi toho. Tsakanin tsarnun nan kuma a jera yankakkun rassan cini-da-zugu kusa da kusa, gama dabba ba ta cinsa. Darnin zai tsare su suna ƙanana, kafin karan ya ruɓe su kuma sun haɗe. Daga nan aikinka sai sassabe da cike gurbin wanda ya mutu.

Sai dai a kula da abu uku. 'Ya'yan cini-da-zugu dafi ne, a ja wa yara kunne kada su ci. Zogale a dasa shi ta ciki, don akuya ba ta ganinsa ta ƙyale. Dalbejiya da sauran manyan itatuwa kuwa a nisanta su da ɗaki da katanga, saiwarsu tana tsaga gini, inuwarsu kuma tana iya danne shukar maƙwabci.

Saboda haka, jama'a, kada a jira sai hadari ya haɗu. A tara kara tun da kaka, a daidaita iyaka da rani, a kafa itace da bazara. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kai mu damina lafiya, amin.