Daga farantin talla zuwa sana'a mai rajista

Da yawa daga cikin matan da ke sana'a yau a Kano, Zariya ko Sakkwato da farantin talla suka fara. Yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas, da sassafe ƙosai, da yamma dafaffiyar gyaɗa, kuɗin kuwa na cefane ne da tarin kayan ɗakinta. Wahala ce, babu amfanin yi mata ado. Wasu karatu ya wuce su, wasu sun gamu da mutanen banza a tasha da bakin kasuwa. Duk da haka ta fito da abin da ba a koyarwa a aji: tana gane mai saye daga mai tayin wasa, tana lissafin canji da ka, ba ta jin nauyin tunkarar baƙo.

Abin da talla ba ta koya mata ba shi ne riƙon jari. A gidan da ta tashi, abin da aka samu da safe shi ake ci da dare, don haka ta girma tana kallon duk kuɗin da ya shigo hannu a matsayin na kashewa. A ganina, a nan yawancin ƙananan sana'o'in mata ke durƙushewa. Ciniki yana nan, uwar kuɗin ce ke zagwanyewa a anko, gudummawar biki da bashin 'yan'uwa.

Maganin farko littafi ne. Mai ƙuli-ƙuli ta rubuta kuɗin tiyar gyaɗa, na niƙa, na itace, na leda, har da na adaidaita sahu. Sai ta cire su daga abin da ƙuli da man suka kawo. Ragowar ne riba, kuma ko a cikinta ta yanka wa kanta abin da za ta riƙa ɗauka duk mako, ta bar saura ya hau kan jari. Wadda ba ta iya rubutu ba sai ta ware gwangwani biyu, ɗaya na jari ɗaya na kashewa, ko ta sa 'yarta ta riƙe mata littafin. Bashi kuma a sa masa iyaka da ranar biya, ko da na ƙanwar miji ne, domin kunya ta ci jarin mata fiye da yadda ɓarawo ya ci.

Adashi ma a yi shi da dabara. Ki nemi uwar adashi ta sa kwasarki ta faɗo a kaka, lokacin da gyaɗa da hatsi ke araha a kasuwanni irin su Dawanau, ki yi sari ki adana.

Idan sana'a ta fara kauri, a buɗe mata asusu daban da na gida. Masu gudun kuɗin ruwa suna da zaɓi: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019. Rajistar sunan kasuwanci kuwa a hukumar CAC ake yi, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Mai ƙulla yaji, garin kunu ko man shafawa tana buƙatar lambar NAFDAC kafin manyan kantuna su karɓi kayanta. Hukumar SMEDAN kan shirya horo ga masu ƙananan sana'o'i.

Sai maganar da ta fi damuna, wato 'yar da ke gida. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 ga kowane yaro, kuma uwar da ta ɗanɗana talla ta fi kowa sanin abin da ke kan titi. Ba sai an ɗora wa yarinya faranti ba: yau ana sa hoton kaya a WhatsApp, mai saye ya turo kuɗi ta waya. A nemi mai shago a unguwa a ajiye masa kaya bisa la'ada, a ɗauki babban mutum ɗan aike a riƙa biyansa, a shigar da ladansa cikin farashi.