Hijabi, Gemu da Tabarau a Hoton Fasfo: Ina Gaskiyar Take?

Babu jita-jitar da ke tayar wa mata hankali a kan hoton fasfo kamar wadda ake cewa sai an cire hijabi, ko aƙalla a zaro kunnuwa waje. Ba haka ba ne. Najeriya tana bin ƙa'idojin ICAO ne, wato hukumar sufurin jiragen sama ta duniya mai hedkwata a Montreal ta ƙasar Kanada, kuma ƙa'idojin sun amince da rufe kai saboda addini. Abin da ake nema shi ne fuska ta fito sarai daga goshi zuwa haɓa, da gefenta biyu, kada mayafi ya yi mata inuwa. Amurka da Birtaniya ma haka suke karɓa. Mai niƙabi kam sai ta ɗage shi. Maganar cire hijabin ba ta rasa tushe ba: Faransa ba ta yarda a rufe kai a hoton fasfon 'yan ƙasarta. Amma wannan dokar Faransa ce, ba ta hau kan fasfon Najeriya ba.

Tun 2007 fasfonmu yake ɗauke da ɗan maɓallin lantarki mai adana hoton mai shi. A filin jirgi na'ura ce ke gwada fuskar da ke gabanta da wadda aka adana, tana duba tazarar idanu, tsayuwar hanci da yanayin baki. Wanda ya gane wannan zai iya tantance sauran maganganun da kansa. Gemu ba laifi ba ne, babu mai tilasta maka aske shi, in dai da shi aka san ka. Batun cire tabarau kuwa gaskiya ne: Amurka ta daina karɓar hoto mai tabarau tun 1 ga Nuwamba, 2016, sai da takardar likita, domin gilashi yana ƙyalli ya ɓoye ido. Ko ina za ka, cire shi ya fi.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda mutane suka ɗauka gata ne. Mai hoto zai zaunar da kai gaban farin ƙyalle, ya ɗauka, ya koma kan kwamfuta yana cewa, "Bari in gyara maka, Alhaji." Sai ya goge billen da ke kumatunka, ya haska fata, ya share tabon goshi, wani ma ya ɗora maka kwat ɗin da ba ka taɓa sa wa ba. Ka karɓa kana murna, alhali an ɓata hoton. Tsagar gado da tabo suna cikin abin da ake gane ka da shi, kuma hoton da aka sauya kamanninsa ana iya mayar da shi, kuɗi da lokaci su tafi a banza. Wayoyin da ke gyara fuska da kansu ma haka ne, a kashe wannan kafin a ɗauka. Ka ce masa ya bar fuskar yadda Allah ya yi ta, ya gyara haske kawai tun kafin ya danna.

Cewa hoto ɗaya ya isa ko'ina ma kuskure ne. Amurka na son hoto mai inci 2 tsawo da faɗi, wanda bai wuce wata shida da ɗauka ba. Birtaniya da ƙasashen Shengen kuwa milimita 35 faɗi, 45 tsawo suke karɓa.

Daga Janairun 2024, lokacin da ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sabon tsari, mai neman fasfo yana ɗora hotonsa da takardunsa ta intanet. Wasu sun ɗauka shi ke nan an gama. Mai neman fasfo karon farko sai ya je ofishin Hukumar Shige da Fice an ɗauki zanen yatsunsa, kuma sunansa da ranar haihuwarsa su yi daidai da abin da ke kan lambarsa ta NIN.