Fanka ta fitar da hayaƙi, iska kuma ta shigo ta ina?

A Arewa girkin tsakar gida muka sani. Hayaƙi ya tashi ya bi iska, babu mai lissafinsa. A Agege kuwa fili tsada gare shi. Gidajen hayar da yawancinmu ke ciki, daga Zango har wajen mayankar Oko-Oba, ɗakuna ne a jere suna kallon juna, da siririn lungu a tsakiya inda ake jera risho da kurfoti da tukunyar gas. Waɗanda Allah ya buɗa wa suka koma filat sun sami kicin nasu, amma ɗan tsukut, da tagar alminiyom mai rufuwa ruf, ba kamar luba ta da ba, wadda ko an rufe iska na ratsawa.

Shi ya sa ake yayin fankar zuƙe hayaƙi, wadda ake kafawa a saman murhu. Ina da ita a gidana, kuma ranar suyar kifi nakan sa mata albarka. Sai dai masu kafa ta ba su cika faɗa maka cewa duk iskar da ta fitar, dole wata ta maye gurbinta ba. Ka zuƙi ruwan gorar roba ba tare da ka ɗaga baki ba, ka ga yadda za ta lotse. Ɗaki ba ya lotsewa, sai ya jawo iska ta duk kafar da ya samu. Za ka ji fanka na ta ruri amma ƙauri na nan, ƙofa ta yi nauyin buɗewa, wani lokaci ma warin banɗaki ya biyo.

Abin da ya fi damuna shi ne janareta. In yana lungu ko bayan taga, hayaƙinsa fankar za ta jawo cikin gida, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai da jiri take fara sawa, mai barci kuwa ba ta tashinsa. Saboda irin wannan haɗarin, a Amurka dokar gini ta wajabta a tanadi mashigar iska ga fankar kicin da ke fitar da fiye da kimanin kubik mita 680 a awa.

A kula kuma, wasu fankokin da ake sayarwa ba su da bututun waje. Maiƙo kawai suke tacewa su dawo da iskar ciki, tururi da gubar suna nan.

Maganin ba na kuɗi ba ne. Kafin uwargida ta kunna fanka, ta buɗe taga a ɓangaren da babu janareta. Kafinta ya bar tazarar yatsa biyu a ƙasan ƙofar kicin. Ragar sauron da maiƙo ya toshe a wanke ta da ruwan zafi da omo. Sannan a riƙa duban harshen wutar gas: shuɗi ake so, in ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, iska ta yi masa kaɗan ko kan murhun ya toshe.